Kafin sabarka ta ce 250: yadda nake saita Postfix ya karɓi imel

Girka Postfix, manhajar da ke karɓa da aika imel a kan saba (kwamfutar da ke riƙe wasiƙun), ba ya cin minti biyar. A kan Debian ko Ubuntu ka buga apt install postfix, wani allo ya fito yana tambayar irin aikin da kake so, ka zaɓi Internet Site, ka rubuta sunan yankinka, wato abin da ke bayan alamar @ a adireshin imel, shi ke nan an gama. Samarin da ke zuwa shagona nan wajen Ƙofar Ƙaura don koyon Linux duk suna wuce wannan gaɓar lafiya lau. Inda ake yin ta shi ne bayan nan. Yaro zai ɗauki wayarsa ya tura wa kansa saƙo daga Gmail, ya zuba wa allo ido, shiru. Sai ya koma cikin main.cf, fayil ɗin saitin Postfix, ya yi ta sauya layuka, wanda ya sani da wanda bai sani ba, alhali saƙon ko kusa da kwamfutar bai zo ba.

Zan bi da ku ta hanyar da saƙon yake bi, don ni ma ita nake bi in ina neman inda ya maƙale. Misalin da zan riƙa kawowa aikin wani Alhaji ne mai harkar riɗi da zoɓo, yana saye a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Dawanau, wani lokacin har Legas. Masu sayen kayansa na waje suna ɗari-ɗari da takardar kuɗi in ta fito daga adireshin kyauta, shi ya sa ya nemi a yi masa imel da sunan kamfaninsa. Ba zan rubuta sunan yankinsa ba. Duk inda kuka ga example.org, wanda dama don misalai aka ware shi, ku sa naku.

Sabar Gmail ba ta san Alhaji ba, ba ta san Katsina ba. Abin da ke hannunta kawai shi ne rubutun da ke bayan alamar @. Da shi take tambayar DNS, kundin sunaye da adireshin intanet: wa ke karɓar wasiƙu a madadin example.org? Amsar tana cikin layin da ake kira MX, wanda ya shigo tsarin tun 1986. Layuka biyu kake bukata a inda DNS ɗinka yake, galibi wurin dillalin da ya yi maka rajistar yankin. In .ng ne ko .com.ng, ɗaya ne daga cikin dillalan da NiRA, mai kula da sunayen .ng, ta amince da su.

example.org.   MX   10   wasiku.example.org.
wasiku.example.org.   A   203.0.113.25

MX suna yake nunawa, ba lamba ba, kuma sunan sai ya kasance yana da layin A nasa na kansa, mai nuna lambar adireshin kwamfutar, ba CNAME ba, wanda laƙabi ne kawai na wani suna. Lambar 10 ɗin fifiko ce, ƙaramar lamba ita ce a gaba. In sabarka ɗaya ce tal, ko 10 ka sa ko 50 duk ɗaya. Ɗigon nan na ƙarshen suna ba ado ba ne. In da hannu kake rubuta fayil ɗin yankin ka bar shi, sunan zai koma wasiku.example.org.example.org, wanda babu shi a duniya. Ka buga dig MX example.org +short ka gani da idonka abin da duniya ke gani. Akwai kuma wani hali na masu aikowa da mutane da yawa ba su sani ba: in ba su sami MX ba sam, ba sa haƙura, sai su koma kan layin A na yankin kansa, wato yawanci kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet ɗinka. Sai ka ga mutum yana ta faman gyaran Postfix, wasiƙunsa kuwa suna can suna buga ƙofar mai ajiye masa shafi. In kuma ƙaura za ka yi daga wata saba zuwa wata, ka rage TTL, wato tsawon lokacin da ake riƙe amsar DNS kafin a sake tambaya, zuwa daƙiƙa 300 tun ana jibi, don kada wasu su ci gaba da riƙe tsohon adireshi.

Yaron da ke taya ni aiki ya taɓa ce mini, "Oga, mi zai hana mu aje ta nan shago? Ga tsohuwar kwamfuta zaune ba ta komai, ga sola, ga rauta." Tambaya ce mai kyau, kuma da a ce ana iyawa da na fi kowa murna, don hayar saba da dala ake biya. Amma ka buɗe shafin rautarka ka duba adireshin da kamfanin layi ya ba ta. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to ba adireshin fili ba ne. Kai da ɗimbin mutane kuke fita ta lamba ɗaya, kuma wannan lambar a hannun kamfanin take. Kana iya fita ka nemi kowa, amma babu wanda zai iya nemanka daga waje. Duk saitin da za ka yi wa rauta na tura ƙofa ba zai yi komai ba, saboda shingen yana can gaba da kai. Layukan waya da yawancinmu muke hawa intanet da su haka suke.

A ce ma ka sami adireshin fili tsayayye. Saura wuta. A nan dai SMTP, tsarin da sabobi ke miƙa wa juna imel da shi, yana da haƙuri, don an tsara shi ne a 1982, zamanin da kwamfutoci ba sa kwana a haɗe. In mai aikowa ya zo bai same ka ba, zai ajiye saƙon a layi ya riƙa dawowa. Ƙa'idar yanzu, RFC 5321 ta 2008, ta ce a ci gaba da gwadawa aƙalla kwana 4 zuwa 5, kuma Postfix kansa kwana 5 yake jira kafin ya mayar wa mai shi. Ɗaukewar wuta ta wuni ɗaya ba ta ɓatar da wasiƙa ke nan, jinkiri kawai take sawa. Sai dai mu nan mun san abin da ya fi wuni ɗaya. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin arewa ta kwashe fiye da mako cikin duhu, kuma a 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama na jiharmu ta Katsina har tsawon watanni. Batirin inbata na shago ba don irin wannan aka saye shi ba. Don haka ta Alhaji tana wata cibiyar ajiye saba ne, ƙaramar haya mai gigabayit 1 na ƙwaƙwalwa, kuma ta ishi Postfix da Dovecot (manhajar da ke miƙa wa wayoyi wasiƙun) na ma'aikata kaɗan har da saura.

Wasiƙa tsakanin saba da saba ta ƙofa (port) ta 25 take shiga, ba 587 ba, ba 465 ba. Waɗancan biyun na mutanenka ne in za su aika daga wayoyinsu. Ba ka da ikon gaya wa duniya ta zo ta wata lamba, MX ba shi da gurbin rubuta ƙofa. Ka buɗe 25 a katangar tsaron kwamfutar, misali ufw allow 25/tcp, sannan ka duba ko kamfanin hayar yana da tasa katangar daban a shafinsa, don da yawa suna da ita kuma nan ake mantawa. Za ka ji ana cewa kamfanonin haya suna toshe 25. Gaskiya ne, amma fita suke toshewa don hana masu watsa tarkace, shigowa galibi a buɗe take. Wannan yana da wani tarko: in ka zauna a shago ka gwada taɓa ƙofa ta 25 ta sabarka ka ga shiru, mai yiwuwa layin da kake kai ne ya hana ka fita, sabar lafiyarta ƙalau. Ka gwada daga wata saba ta daban kafin ka yanke hukunci.

A cikin kwamfutar kuma ka buga ss -ltn ka duba layin 25. In 127.0.0.1:25 ka gani, Postfix kansa kaɗai yake saurare. Haka yake zuwa a dangin Red Hat, haka ma a Debian in ka zaɓi Local only wajen girkawa. Ka mayar da inet_interfaces zuwa all, kuma wannan saitin reload ba ya ɗaukarsa, sai ka tsayar da Postfix ka sake tayarwa.

Ba Postfix kaɗai ke wannan aikin ba. Sendmail na Eric Allman ya riga Exim da Postfix, tun farkon shekarun 1980 a Berkeley, kuma wanda ya taɓa leƙa sendmail.cf ya san dalilin da ya sa aka yi ta neman madadinsa. Exim ya fito daga Jami'ar Kambirij a 1995 ta hannun Philip Hazel, shi ne ma zaɓin Debian na asali. Postfix kuwa Wietse Venema ne, ɗan ƙasar Holan, ya rubuta shi a cibiyar binciken IBM a Amurka, aka sake shi a Disamban 1998. Na fi son sa saboda fayil ɗinsa ana karantawa a gane, kuma ba dunƙulalliyar manhaja ɗaya ba ce. Ƙananan ma'aikata ne kowa da aikinsa: smtpd yana magana da baƙo, cleanup yana shirya saƙon, qmgr yana riƙe layi, local yana sakawa a akwati. Ka riƙe sunayen nan, su za ka riƙa gani a kundin aiki, kuma sunan da ya yi ƙorafi shi ke nuna maka inda abin ya tsaya.

Ga ƙashin bayan main.cf na karɓa:

myhostname = wasiku.example.org
mydomain = example.org
mydestination = $myhostname, $mydomain, localhost
inet_interfaces = all
mynetworks = 127.0.0.0/8
home_mailbox = Maildir/

Layuka shida, amma ba za ka gane nauyinsu ba sai ka ga hirar da ake yi a ƙofa ta 25. Baƙuwar saba ta haɗu da taka, taka ta fara gaisuwa da 220. Baƙuwa ta ce EHLO ta faɗi sunanta. Ta ce MAIL FROM ta faɗi mai aikowa. Ta ce RCPT TO ta faɗi wanda ake nema. Ta ce DATA, taka ta ce 354, ta zubo saƙon, ta rufe da layin da babu komai a cikinsa sai ɗigo ɗaya. Ban da 354 ɗin nan ta zubo saƙon, a kowane mataki sabarka tana da amsa iri uku: lamba mai farawa da 2 na karɓa, mai farawa da 4 ba yanzu ba ka dawo, mai farawa da 5 a'a kuma kada ka dawo. In ta kai ƙarshe ta ce 250 Ok: queued as, baƙuwa za ta goge nata kwafin ta kama gabanta.

Mu da muka riski zamanin wasiƙar takarda mun san yadda ake rubuta wa mutum ta hannun wani, mai shago a bakin titi ko hedimasta mai akwatin gidan waya. In direba ya miƙo masa ambulan zai duba sunan, in bai san mai shi ba nan take ya ce a koma da ita, babu wanda ya yi asara. In kuwa ya karɓa ya sa a aljihu, ta zama amana a wuyansa. Wannan 250 ta ƙarshe ita ce sawa a aljihu. RFC 5321 ta faɗi a fili cewa daga nan alhakin saƙon ya koma kan wanda ya karɓa, kuma ba a yarda ya ɓata don uzurin banza ba, ko da kwamfutar ta faɗi daga baya. Shi ya sa Postfix ba ya furta ta sai ya tabbatar saƙon ya zauna a kan faifai. A ganina duk saitin karɓar imel a nan ya tattara: abin da ba za ka iya kaiwa ba, ka ƙi shi tun ana hira, kafin ka ce 250.

Layin mydestination shi ne jerin yankunan da sabar ta yarda nata ne. In example.org ba ya ciki, mai aikowa zai ji Relay access denied, wato sabarka tana ganin ana so ta ɗauki saƙon wani ta kai wani gari. A saitin da Postfix ke zuwa da shi lambar 454 ce ke rakiyar wannan amsar, don haka mai aikowa zai dawo, kana da lokacin gyarawa. In kuma daga cikin sabar ka aika ka ga loops back to myself, ciwon ɗaya ne: DNS ya ce nan ne gidan, Postfix ya ce ba a gaya masa ba. Wanda ke amfani da virtual_mailbox_domains kada ya sa yanki ɗaya a can kuma a mydestination, ya zaɓi guda.

Yanzu abin da ke ba ni haushi. Yaro ya ga Relay access denied, ya hau intanet, ya ci karo da wani yana cewa a sa mynetworks = 0.0.0.0/0 komai zai yi aiki. Zai yi aiki kam. Ma'anar layin ita ce duk duniya 'yan gida ne, kowa ya miƙo saƙo a kai masa duk inda yake so. Akwai kwamfutocin da ba su da aiki dare da rana sai lalube ƙofa ta 25 ta kowane adireshi, ba a daɗewa suke gano irin wannan sabar, su cika mata layi da saƙonnin damfara, adireshinka ya shiga jerin baƙaƙe, kamfanin haya ya rufe ka. Karɓar wasiƙar yankinka ba ta bukatar ka taɓa mynetworks ko kaɗan. Ka bar shi a kan kwamfutar kanta, ka bar smtpd_relay_restrictions yadda ya zo.

Na biyu shi ne sunayen mutane. Postfix yana duba wanda ake nema a cikin masu asusu a kwamfutar da kuma fayil ɗin laƙabobi, /etc/aliases. In bai gan shi ba ya ce 550, User unknown in local recipient table. Wasu bayanai na intanet suna cewa a bar local_recipient_maps fanko don a huta da wannan amsar. Kada ka yi. Abin da zai faru shi ne sabar ta karɓi komai, daga baya ta gane babu mai sunan, sai ta rubuta takardar mayarwa ta aika wa adireshin da ke MAIL FROM. Masu tarkace kuwa ƙarya suke rubutawa a wurin, adireshin wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kai ne yanzu kake cika masa akwati, kuma kai za a hukunta.

A kan wannan muka ɗan ja da Alhaji. Ya ji labarin akwai akwatin da ke kama duk saƙon da aka rubuta wa yankin ko da sunan babu shi, ya ce a yi masa. "To in mutum ya kuskure harafi ɗaya sai a kore shi? Ai ba a korar mai kawo ciniki." Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba korarsa ake yi ba, gaya masa ake yi. Cikin daƙiƙu zai ga saƙo ya dawo cewa adireshin ba daidai ba ne, ya gyara ko ya kira ka. In muka karɓa muka zuba a akwatin da tarkace dubu ke faɗawa, shi yana can yana jiran amsa, ku kuma ba ku gani ba." Ya yi shiru, sannan ya ce to sunayen da Turawa suka saba bugawa fa? Wannan kuma gaskiyarsa ce, kuma maganinta yana cikin aliases:

postmaster: root
abuse: root
root: injiniya
info: ciniki
sales: ciniki
accounts: akawu

Ka buga newaliases bayan kowane gyara, in ba haka ba Postfix tsohon jeri yake karantawa. Adireshin postmaster wajibi ne a ƙa'ida ga duk sabar da ke karɓar imel, kuma ya kamata ya faɗa hannun mutum mai rai da ke karantawa, don nan masu kula da wasu sabobi ke rubutowa in sun ga matsala daga ɓangarenka. Asusun ma'aikata kuwa ina buɗe su da useradd -m -s /usr/sbin/nologin, saboda akawu ba shi da abin yi da shiga cikin sabar, wasiƙarsa kawai yake so.

Wata dabara da nake yi ranar da aka fara buɗe wa duniya ƙofa: soft_bounce = yes. Tana mayar da duk amsar 5 ta koma 4. In akwai wani saiti da ya karkace, saƙonnin mutane za su jira a can maimakon a mayar da su. Da na ga komai na shiga yadda ya kamata sai in cire ta, don in ta zauna wanda ya kuskure adireshi zai kwashe kwanaki bai sani ba.

Tarkace kuwa za su zo, tun kafin ka gaya wa kowa adireshin. Abin da ya fi rage mini su da ƙaramin ƙoƙari shi ne postscreen, wanda ya shigo tare da Postfix 2.8 a 2011, ana kunna shi a master.cf. Ɗaya daga cikin gwajinsa mai sauƙi ne har da ban dariya: yana jan gaisuwar 220 na 'yan daƙiƙu, duk wanda ya fara magana kafin a gama gaisuwar ya tona kansa, don sabar kirki tana jira, kwamfutocin da aka kame ana watsa tarkace da su kuwa gaggawa suke. Sai a haɗa da jerin zen.spamhaus.org, jerin adireshin masu watsa tarkace da ƙungiyar Spamhaus ke tarawa, wanda ake tambaya ta DNS. A nan ka kula sosai. Spamhaus ba ta amsa tambayar da ta biyo ta manyan masu warware DNS na kowa da kowa irin 8.8.8.8, sai ta mayar da lambar kuskure 127.255.255.254. In saitinka yana ɗaukar kowace amsa a matsayin laifi, za ka kori duniya baki ɗaya. Ka girka unbound, manhajar warware DNS, a kan sabar ta riƙa tambaya da kanta, kuma ka ƙayyade amsoshin da kake lissafawa, daga 127.0.0.2 zuwa 127.0.0.11.

Akwai dabarar da ake cewa duk baƙon farko a ba shi 4 ya je ya dawo, postgrey ke yin ta, minti 5 yake sawa a jira. Tana aiki, amma ban sa wa Alhaji ba. Mutum ne da za a kira shi a waya a ce na turo yanzu, yana tsaye gaban mota ana lodi, kuma lambar sirri da banki ko wani shafi ke turowa ta imel ba ta jira. Haka ma reject_unknown_client_hostname, mai korar sabar da sunanta da lambarta ba su dace a DNS ba, na bar shi. Ƙananan kamfanoni na gaskiya da yawa DNS ɗinsu a karkace yake, kuma mai sayen zoɓo ba ya zama ɗan damfara don injiniyansa ya yi sakaci.

Batun ɓoye hira gajere ne. Ka karɓi satifiket kyauta daga Let's Encrypt da certbot a kan sunan wasiku.example.org, ka nuna wa Postfix inda yake, ka sa smtpd_tls_security_level = may. Kada kishin tsaro ya sa ka rubuta encrypt a ƙofa ta 25, ƙa'ida ta hana sabar da MX ke nunawa ta tilasta shi, kuma za ka rasa wasiƙun waɗanda ba su iya ba. Satifiket ɗin kwana 90 yake yi a yadda aka saba, certbot yana sabuntawa da kansa, amma ka sa masa umarnin sake loda Postfix da Dovecot bayan sabuntawar.

An karɓa, saura ajiya. Tsohon tsari, mbox, fayil ɗaya ne a /var/mail ana ta liƙa saƙo a bayan saƙo. Maildir, wanda ya samo asali daga qmail na Daniel Bernstein, kowane saƙo fayil ɗinsa daban, cikin folda uku, tmp da new da cur. Shi nake sawa koyaushe, don fayil ɗaya in ya lalace saƙo ɗaya ne ya tafi. Sandar nan ta ƙarshen Maildir/ ita ce ke gaya wa Postfix wane tsari kake nufi. In babu ita zai buɗe fayil ɗaya mai suna Maildir ya riƙa zubawa irin na mbox, Dovecot kuma ya duba ya ce akwati fanko ne. Aikin Postfix ya ƙare a nan. Ba ya miƙa wa waya saƙo. Wannan aikin Dovecot ne, na Timo Sirainen ɗan ƙasar Finlan, da ya fara fitowa a 2002. Cikin hanyoyi biyu da waya ke karanta saƙo da su, IMAP nake buɗewa a ƙofa ta 993 in bar POP3 a rufe, saboda POP3 a al'adarsa yana kwashe saƙo zuwa na'ura ya goge na saba, kuma wayar da ke yawo a kasuwar ƙauye ba wurin ajiye takardun ciniki ba ce. Ku lura Dovecot 2.4 ya sauya sunayen saituna da yawa, mail_location na da ya rabu zuwa mail_driver da mail_path, don haka ka duba wanne ke hannunka kafin ka kwafi bayanin wani. Tsohuwar kwamfutar shagon nan ta sami aikinta a ƙarshe: kowane dare in akwai wuta tana jawo kwafin Maildir da rsync.

Ana yawan tambayata ko a yi MX na biyu don ko ta kwana. Ga ƙaramin kamfani ban ga amfaninsa ba. Masu aikowa dama suna jira kwanaki, kuma MX na biyu in bai san jerin sunayen ma'aikata ba zai karɓi komai ya dawo da mu ga matsalar takardun mayarwa. Masu tarkace ma da gangan suke nufarsa don sun san tsaronsa ya fi rauni. Aikawa kuma wani fage ne daban, da SPF da DKIM da DMARC da PTR, musamman tun da Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa a Fabrairun 2024. Wasiƙun Alhaji masu fita ta wani kamfanin aikawa nake bi da su, wannan sai wani rubutun.

In an ce maka saƙo bai iso ba, kada ka yi gardama kuma kada ka taɓa saiti. Ka buɗe /var/log/mail.log, ko /var/log/maillog a dangin Red Hat, ko journalctl in sabon Debian ne da ba a sa masa rsyslog ba, ka nemi adireshin mai aikowa da grep. In ka ga status=sent da delivered to maildir, saƙon yana gida, a duba waya. In ka ga NOQUEUE: reject, dalilin yana rubuce a layin. In babu alamarsa sam, koma kan DNS da ƙofa.

Sai dai akwai wani lokaci da kundin ke nuna an haɗu an rabu kawai, babu ƙin karɓa babu komai. Akawun Alhaji ya kira ni kan irin wannan: "Malam, mutumin ya rantse ya turo hotunan takardun kaya, mu ba mu ga komai ba." Postfix yana zuwa da message_size_limit na 10240000, kusan megabayit 10, kuma yana sanar da wannan iyakar tun a amsar EHLO. Sabar da ta ga saƙonta ya wuce haka tana iya juyawa ba tare da ta gwada ba, wadda ta gwada kuma ta ji 552. Hotunan wayar yanzu guda uku ko huɗu sun isa su cike wannan. Ƙari a kan haka, duk abin da aka maƙala a imel yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku wajen mayar da shi rubutu, don haka megabayit 25 da Gmail ke bari a maƙala yana isowa ne a matsayin talatin da wani abu. Ina sa 40000000. Ka tabbata mailbox_size_limit bai gaza wannan lambar ba, ko ka bar shi 0 yadda Debian ke yi, in ba haka ba local zai ƙi tashi kuma saƙonni su taru a layi. Ka buga postfix reload, ka ce wa mutumin ya sake turowa.